Kafin ka yarda a yi mata fomatin

Wata Laraba da hantsi ƙanena ya kira ni daga shagonsa da ke nan cikin Birnin Kebbi, inda yake buga wa mutane takardu, yana yi wa yara rajistar jarrabawa, yana ɗaukar hoton fasfo. Tun daga sallamarsa na san ba lafiya. Ya ce, "Yaya, wagga kwamfuta ta ƙiya. Na kunna ta, ga hoto nan kan gilashi, ga wurin sa lambar sirri, amma ko harahi guda ba ya shiga. Maus ɗin ma ko motsi." Na tambaye shi yadda suka rabu da ita jiya. Ya ce da zai rufe shago ta rubuta cewa tana sabunta kanta, kada a kashe, tana cikin ƙidaya aka ɗauke wuta, shi kuma ya ja ƙofa ya tafi gida.

Ko da na isa, har wani yaro mai gyara ya riga ni, yana tsaye da filash a hannu kamar mai shirin yanka. Ya gaishe ni ya ce, "Alhaji, ba ta da wani magani sai fomatin. Kahin azahar na gama." A kan benci wata ɗaliba tana zaune ta rafka tagumi, babi huɗu na aikinta na kammala karatu suna cikin kwamfutar, kuma ba ta da kwafinsu a ko'ina. Ban da nata akwai jerin sunayen wata ƙungiyar manoman rani da aka kwana uku ana shigarwa, da zanen katin biki na mutane da yawa. Fomatin kuwa, ga wanda bai sani ba, shi ne a share duk abin da ke cikin ma'ajiyar kwamfuta a ɗora mata sabon Windows. Yana warkar da ciwon, gaskiya ne, kamar yadda rushe ɗaki yake maganin yoyon rufi.

Ban ga laifin yaron sosai ba. Abin da aka koya masa ke nan, shi ya fi sauri, shi ne kuma ake biya ba gardama, don mai kwamfuta ya ga an yi aiki. Wanda ya zauna ya gano ciwon cikin minti goma ya gyara da danna maɓalli biyu, sai a ce masa ai ba ka yi komai ba. Amma daga cikin matsalolin kwamfuta, wannan ta mutuwar kibod da maus bayan sabuntawa tana cikin waɗanda ba su cika bukatar fomatin ba, kuma mai kwamfuta da kansa zai iya gane inda ciwon yake ba tare da ya kashe ko sisi ba.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a ciki. Kibod da maus, wato allon madannai da linzamin da ake ja a kan tebur, ba sa magana da Windows kai-tsaye. Akwai 'yar manhaja a tsakaninsu da masu gyara ke kira direba. Sunan yana ruɗarwa, don aikinta ya fi kama da na tafinta. Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Kamba ya ga yadda ciniki ke tsayawa cak tsakanin mai kaya da mai saye in wanda ke juya musu magana ya tashi, alhali kowannensu lafiyarsa ƙalau. Kowace na'ura da ke jikin kwamfuta tana da nata tafintan, har da ramukan USB da ake soka waya a ciki. Sabuntawa kuwa, wadda yaran shago ke kira ofdet, gyare-gyare ne da kamfanin Microsoft ke turowa ta intanet don toshe kafofin da ɓarayi ke shiga da kuma gyara kurakurai, kuma sau da yawa tana sauya waɗannan tafintocin. Babbar sabuntawar kowane wata tana fitowa ranar Talata ta biyu ga watan Turawa, al'adar da kamfanin ya fara tun 2003. Da yake safiyar Amurka maraicenmu ce, a nan sai daren Talata take sauka. Shi ya sa kukan ya fi yawa ranar Laraba da Alhamis.

Wani lokaci laifin na sabuntawar ne ƙarara, kuma kamfanin da kansa ya amsa. A ranar 13 ga Fabrairun 2018 ya fitar da wata mai lamba KB4074588 don Windows 10. Bayan ta sauka, a wasu kwamfutoci kibod da maus da kyamara da sauran kayan USB suka daina aiki. Bayanin da kamfanin ya yi shi ne, tsarin ya cire tsofaffin direbobin da ke aiki, sannan ya tsallake ɗora sababbin. An sallami tsohon tafinta, sabon bai iso ba. Sai ranar 5 ga Maris aka turo gyaran, mai lamba KB4090913. Kusan mako uku ke nan.

Wata da ta biyo baya ta fi ban takaici. Windows yana da wani ɗan ɗakin ceto, ƙaramin tsari mai zaman kansa da ake shiga in babban ya ƙi tashi, don a gyara shi ko a cire sabuntawar da ta ɓata shi. Ranar 14 ga Oktoban 2025 aka fitar da KB5066835 don Windows 11. A cikin Windows kibod da maus suka ci gaba da aiki lafiya, amma da zarar an shiga ɗakin ceton, na USB sai su mutu. Ga zaɓuɓɓukan gyara a kan gilashi kana kallo, ba halin taɓa ko ɗaya. Gobara daga kogi ke nan. Kamfanin bai jira wata mai zuwa ba, ya turo gyaran gaggawa, KB5070773, ranar 20 ga watan. Ga waɗanda suka riga suka maƙale, hanyoyin da ya nuna su ne a yi amfani da gilashi mai taɓawa in kwamfutar na da shi, ko filash na ceto da aka tanada tun da farko, ko tsohon kibod mai zagayayyen baki, irin wanda muka daɗe da jefarwa bayan shago. Zan dawo kan wannan kibod ɗin.

To amma a ƙasarmu akwai abubuwan da ke ƙara wa miyar gishiri. Na farko kuɗin data. Mutum zai yi wata shida bai haɗa kwamfutarsa da intanet ba, ran da ya kunna mata hosfot na waya don ya tura takarda guda, sai ta ga hanya ta buɗe ta fara kwaso duk abin da ya taru. Na biyu wuta. Babban layin da ke tasowa daga Kainji ya ratso Birnin Kebbi ya wuce har Yamai, amma duk mai shago ya san wannan bai hana a ɗauke wuta ana tsakar aiki ba, kuma sabuntawar da aka katse tana tsakiya ita ce ta fi barin ɓarna. Na uku, yawancin kwamfutocinmu gwanjo ne, sun gama aikinsu a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso mana, batirin wasu ba ya riƙe minti biyar. A kansu kuma ake ɗora Windows 11 da dabara, ko da ba su cika sharuɗɗansa ba, sannan a zuba musu direbobi daga filash ɗin da ya zagaye shaguna goma. Akwai ma akasin haka: mai gyara ya ɗora Windows 7 a kan sabuwar na'ura don shi ya saba da shi, sai kibod da maus su mutu tun wurin ɗorawa, saboda Windows 7 bai zo da direban USB 3 ba. Nan ma sai ka ji an ce na'urar ce mai matsala.

Tambayar farko da za ka yi wa kanka guda ɗaya ce: ciwon a jiki yake ko a manhaja? Gwajin ba ya cin kuɗi. Danna Caps Lock ko Num Lock ka duba ko 'yar fitilarsu tana kamawa tana mutuwa. Juya maus ka ga ko jar wutar ƙasansa tana ci, in irin mai jar wuta ne. Wannan ɗan haske ne kawai. Gwajin da ke raba gardama shi ne na BIOS. Kowace kwamfuta tana da wani ɗan tsari da ke farkawa kafin Windows, kamar mai gadin da ke buɗe ƙofa tun maigida bai tashi ba, kuma yana jin yaren kibod da kansa, ba ruwansa da tafintan Windows. Kashe kwamfutar, ka kunna, nan take ka riƙa danna maɓallin shiga: a HP yawanci F10 ne ko Esc, a Dell F2, a ThinkPad na Lenovo F1. In wani shafi mai rubuce-rubuce ya buɗe, kana danna kibiyoyi zaɓi yana sauka yana hawa, to kibod ɗinka lafiyarsa lau, ramin da aka soka shi ma lafiya lau. Kada ka sauya komai a wurin, fita kawai. Kada kuma ka sayi sabon kibod, kada ka yarda a buɗe cikin na'urar. Ciwon yana cikin Windows.

Abin da na yi ke nan a shagon ƙanena. Na danna, shafin ya buɗe, na ce wa yaron ya zo ya gani da idonsa. Ya ɗan yi shiru, ya mayar da filash ɗinsa aljihu.

In kuwa ko a BIOS ɗin bai motsa ba, a daina zargin sabuntawa, haɗuwa ce kawai aka yi. A sauya rami, a fi son na bayan kwamfutar tebur, don su ne manne da uwar allo, na gaba ta wata siririyar waya suke bi. A gwada baƙin rami maimakon mai shuɗin ciki. A cire ɗan akwatin nan mai raba rami ɗaya zuwa huɗu. A aro kibod ɗin maƙwabci. In marar waya ne a duba batiri da ɗan abin da ake sokawa, kuma a sani cewa mai haɗuwa ta Bluetooth galibi ba ya aiki a BIOS ko ɗakin ceto, don haka gwajin sai da mai waya. Ƙurar hunturu tana cika ramukan nan har bakin waya ya kasa zama daidai. A laftof kuma, in ka ga wurin shafa yatsa ya ɗago ko ya yi tauri, batirin da ke ƙarƙashinsa ne ya kumbura, abin da zafin Maris da Afrilu na wannan kwari namu ke hanzartawa. Wannan ba na wasa ba ne, a cire caja a kai a sauya batirin, kada a soke shi ko a danne shi.

Mu koma ga wanda gwajinsa ya nuna manhaja ce. Abu na gaba ya yi sauƙin da mutane ke raina shi: a kashe ta kisa na gaske. Mutane da yawa ba su san cewa Shut down a Windows 10 da 11 ba ya kashe komai da komai ba. Don ta yi saurin tashi gobe, kwamfutar tana adana halin da zuciyar tsarin da direbobi suke ciki, ta ɗauko shi da safe yadda ta ajiye. In direba ya kwanta a karkace, a karkace zai tashi, ko sau goma ka kashe ka kunna. Restart ne ke sa komai ya fara daga farko. In ba ka da hanyar danna shi, riƙe maɓallin kunnawa har ta mutu, cire wayar wuta, cire duk abin da ke soke a jikinta, har firinta da filash, in laftof ce mai batirin cirewa a cire shi, sannan ka sake riƙe maɓallin kamar daƙiƙa talatin don ragowar wutar ciki ta zube. Mayar da kibod da maus kaɗai, ka kunna, ka ba ta lokaci. Wani sa'in tana can tana ƙarasa ɗora direban ne, minti biyar ko goma sai ka ga kibiya ta motsa. Kuma in ta rubuta cewa tana ƙarasa sabuntawa ko tana warware ta, a tayar da janareta a ƙyale ta ta gama, ko da za ta kai awa.

Ta ƙanena a nan ta tsaya. A tashi na biyu ta rubuta cewa ba ta iya kammala sabuntawa ba, tana mayar da abin da ta sauya. Muka zauna muna kallon ɗigogi suna zagaye, janareta yana ta ƙara a waje, ɗalibar nan tana ta jan carbi da yatsu. Bayan kusan rabin awa hoton ya dawo, ƙanena ya taɓa harafi, ya shiga.

Ba kullum ake samun wannan sa'ar ba. In ɗaya ya dawo ɗaya bai dawo ba, ka yi amfani da mai ran ka ceto mataccen. Mai maus ba kibod, akwai wata 'yar alama a kusurwar ƙasa ta dama a shafin shiga, in ka danna ta za ka samu kibod na kan gilashi, ka riƙa tsinko haruffan lambar sirrinka ɗaya-ɗaya. Mai kibod ba maus ya fi samun sauƙi, don kusan duk abin da maus ke yi kibod na yi: Tab yana tsallakawa daga wuri zuwa wuri, kibiyoyi suna zaɓa, Enter yana buɗewa, maɓallin mai tambarin Windows yana ba ka wurin rubuta sunan abin da kake nema. Yaran da suka zauna jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, sun san wannan ko ba su lura ba. A can ana amsa tambaya da A, B, C ko D, a ci gaba da N, a koma baya da P, ba sai an taɓa maus ba. Na sha ganin yarinyar da ta fito daga ƙauyen Augie ko Gulma, ba ta taɓa riƙe maus ba sai ranar gwaji, haruffan nan suka fisshe ta.

Da ka samu shiga, nemi Device Manager. Jerin duk na'urorin jikin kwamfutar ne, kowace da direbanta. Duba ƙarƙashin Keyboards, da Mice and other pointing devices, da Universal Serial Bus controllers. Duk inda ka ga ɗan alwatika ruwan ɗorawa mai alamar motsin rai, nan ne. Buɗe shi, a shafin Driver akwai Roll Back Driver, wanda ke dawo da tsohon tafinta. In ya dushe ba ya dannuwa, zaɓi Uninstall device ka yi Restart, Windows zai sake ɗora shi da kansa. Sai dai ka sani, in na USB ka cire, wanda ke aiki a hannunka ma zai iya mutuwa nan take. Kada ka firgita, kashe ta da maɓallin kunnawa, ka sake kunnawa. In kuma ciwon mai zuwa ne yana tafiya, maus ya yi aiki ya tsaya, musamman bayan kwamfutar ta yi barci, buɗe USB Root Hub, a shafin Power Management ka cire alamar da ta ba kwamfuta izinin kashe ramin don tsimin wuta.

In duk wannan bai yi ba, a cire sabuntawar kanta. A Settings, ƙarƙashin Windows Update, akwai Update history, a nan za ka ga kowace da lambarta mai farawa da KB da ranar da ta sauka. Wadda ranarta ta yi daidai da fara ciwon ita ce abar zargi, kuma Uninstall updates yana wurin. Rubuta lambar a takarda kafin ka cire, ka neme ta a intanet ta waya. In matsalar ta kowa ce, za ka tarar kamfanin ya riga ya yi bayani a shafinsa. In kuma babbar sabuntawa ce, irin mai sauya zubin Windows gaba ɗaya, kwana goma kacal ake ba ka na komawa tsohon. Wanda ya ajiye kwamfutar ya ce sai bayan girbi, ya dawo ya tarar ƙofar ta rufe.

Saura wanda duka biyun suka mutu a cikin Windows. Shi ɗakin ceto zai nufa. Ana shiga ta hanyar katse tashin kwamfutar: ka kunna, da tambarin Windows ya fito ka riƙe maɓallin ta mutu, ka maimaita, a karo na uku za ta kai kanta wurin gyara. Daga nan sai Advanced options, sai Troubleshoot, sai ka nemo Uninstall Updates, ka zaɓi cire ta ƙarshe. Akwai kuma System Restore, mai mayar da tsarin yadda yake kwanakin baya ba tare da ya taɓa takardunka ba, in dai an kunna shi tun farko. Abin da zan ja kunne a kai shi ne Reset this PC, don ɗaya daga zaɓinsa biyu fomatin ne da wani suna.

A nan tsohon kibod ɗin nan yake shigowa. Juya bayan kwamfutar tebur, musamman tsofaffin na ofis da suka cika shagunanmu, ka duba ko akwai zagayayyen rami mai launin shunayya, wani lokaci da kore a gefensa. Sunansa PS/2, kamfanin IBM ya fito da shi a 1987. Na shunayya na kibod ne, koren na maus. Hanyarsa dabam take da ta USB, don haka duk abin da ya kashe direban USB ba ya taɓa shi. Sharaɗinsa ɗaya: a soka shi kwamfuta tana kashe, sannan a kunna. Duk mai shagon kwamfuta, da duk mai kula da ɗakin jarrabawa ko ɗakin kwamfutocin makaranta, daga Kalgo zuwa Aliero, ya kamata a ce yana da guda ɗaya a ajiye, tare da filash na ceto. Shi filash ɗin Windows ne ke haɗa shi, ka rubuta Recovery Drive a wurin nema ka bi umarnin. Amma sai kwamfuta tana da lafiya ake yin sa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani abin da ya faru a Argungu ya koya mini in rage saurin yanke hukunci, har a kan sabuntawar. Na je ziyara wurin wani aminina mai sayen shanshera yana kai wa masu casa, yana riƙe lissafinsa a kwamfutar tebur a ɗan ofishinsa da ke kan hanyar zuwa Matan Fada. Ya ce mini tun da ta yi ofdet kibod ya mutu, har ya sayi sabo, shi ma bai yi ba. Na danna harafi, shiru. Na riƙe shi ban saki ba, sai ga shi ya fito tare da ɗan sauti. Na dubi teburin. Ga ƙaton littafin bashi, mai baƙin bango, gefensa yana kan kusurwar dama ta kibod ɗin. Na ce, "Malam, kullum nan kake aje shi?" Ya ce, "To ina zan aje shi?" Windows yana da wani tsari da aka yi don masu rawar hannu, Filter Keys, wanda ke sa kibod ya yi watsi da taɓawa ta ɗan lokaci, sai wadda aka riƙe. Yana neman kunna kansa in aka danne Shift na dama daƙiƙa takwas. Littafin ya danne, tambaya ta fito da Turanci, yaron ofis ya danna Yes don ta ba shi wuri. Ana zaton wuta a maƙera, ta tashi a masaƙa. Muka kashe shi a Settings, sashen Accessibility, wanda a Windows 10 ake kira Ease of Access. Irin wannan ke faruwa da wurin shafa yatsa na laftof: akwai maɓallin da ke kashe shi in an haɗa da Fn, a wasu HP kuma taɓa kusurwar hagu ta sama sau biyu ya isa, sai 'yar fitila ta kama a wurin.

Na san abin da wasu za su ce, don na sha ji: to a toshe ofdet ɗin mana gaba ɗaya a huta. Masu gyara da yawa haka suke yi, suna kuma ganin alheri suka yi. Ban yarda ba. Kwamfutar da ake shigar da lambar BVN da NIN na mutane, ake soka mata filash na duk wanda ya shigo, ita ce ta fi kowace bukatar a toshe mata kafofi. Abin da ya dace shi ne mai kwamfuta ya zaɓi lokacin da kansa. Windows yana ba da damar dakatar da sabuntawa har mako biyar. In rajistar JAMB ta kama, ko lokacin da ɗaliban kwalejin Waziri Umaru da na Adamu Augie ke tururuwar buga aikin kammalawa, a dakatar. In kasuwa ta lafa, a bar kwana huɗu ko biyar su wuce bayan Talatar nan don a ji ko an yi kuka a wani wuri, a kwafe takardu, a tabbatar akwai mai a janareta ko batirin sola ya cika, sannan a sake ta. Wanda ke amfani da hosfot ya sa wa layin alamar Metered connection, ba za ta riƙa kwasar manyan kaya a ɓoye ba. Masu Windows 10 kuma su sani cewa a ranar 14 ga Oktoban 2025 ɗin nan ce aka daina ba shi tallafin yau da kullum, sai wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi.

Akwai ranar da fomatin ba makawa, ba na musu. Amma ko a ranar, takardu ba su mutu ba don kibod ya mutu. Mai gyara zai iya tayar da kwamfutar daga filash, ko ya ciro ma'ajiyar ya haɗa da wata kwamfutar, ya kwafe komai kafin ya share. Ka ce ya yi, ka tsaya a kansa, ka buɗe takarda biyu ko uku a inda aka kwafe ka ga suna buɗewa. In ma'ajiyar a kulle take da BitLocker, za a nemi mabuɗi mai lamba 48, wanda galibi yana cikin asusun Microsoft da aka shiga kwamfutar da shi. Sababbin Windows 11 da yawa suna kulle kansu ba tare da mai su ya lura ba, don haka tun yau ka duba ka rubuta lambar a wuri mai kyau.

Ranar nan ɗalibar ba ta bar shagon ba sai da ƙanena ya tura mata babinta huɗu ta WhatsApp, ta buɗe a wayarta ta ƙidaya shafukan. Yaron mai gyara na ba shi kuɗin mashin, ya tsaya ya tambaye ni maɓallin shiga BIOS na Dell, ya rubuta a bayan hannunsa. Da na koma bayan sati biyu, na ga wani tsohon kibod fari da ya koma ruwan ƙasa, harafi biyu sun goge, an naɗe wayarsa mai bakin shunayya an rataye shi a ƙusa kusa da kalandar masallaci. Ƙanena ya ce a cikin tarkacen bayan shago ya tono shi.